Ƴan fashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma

Yara, ku dubi taswirar Afirka. A kudu da ƙasarmu Nijar akwai Benin, kudu da Benin kuma sai babban teku, wanda ake kira Atlantika. Shekaru 300 da suka wuce jiragen da ke ratsa wannan teku ba su da inji. Da katako ake yin su. Ana kafa masu dogayen itatuwa, a ɗaura manyan ƙyallaye, in iska ta hura ƙyallayen sai jirgi ya tafi.

Kamar yadda ƴan fashi ke tare ayari a daji, haka waɗansu ke tare jirage a teku. Su ake kira ƴan fashin teku. Yawancinsu dā ma'aikatan jirage ne. Aikin jirgi yana da wuya ƙwarai: abinci kaɗan, albashi kaɗan, ga bulala. Shi ya sa da yawa suka gudu suka shiga fashi.

Wani shahararre daga cikinsu shi ne Bartolomi Robats, mutumin ƙasar Wels ta Birtaniya. A shekarar 1719 yana aiki cikin wani jirgin fataucin bayi. Jirgin na tsaye a Anomabu, cikin ƙasar da yanzu ake kira Gana, sai ƴan fashi suka kama shi, suka tilasta wa Robats ya bi su. Bayan mako 6 aka kashe shugabansu, sai suka zaɓi Robats ya gaje shi. Cikin shekara 3 ya kama jirage wajen 400, daga gaɓar Brezil har Amurka ta Arewa da Afirka.

Mutanen Robats suna da dokoki a rubuce. Kowa yana da ta cewa in za a yanke shawara. In an samu ganima sai a raba, shugaba ya ɗauki kashi 2, ƙaramin ma'aikaci kashi 1. An hana caca da kuɗi. Ƙarfe 8 na dare a kashe fitilu. Wanda ya rasa hannu ko ƙafa wajen faɗa, a biya shi diyya.

Amma wannan adalci tsakaninsu kawai ya tsaya. A watan Janairu na 1722 Robats ya iso Wida, a gaɓar Benin ta yau. A lokacin Wida babbar kasuwar bayi ce. Ya tarar da jirage 11, duka suka ba da kai ba tare da faɗa ba. Ya ce kowane jirgi ya fanshi kansa da garin zinariya, kimanin kilo 3 da rabi. Shugaban jirgi ɗaya ya ƙi biya. Sai ƴan fashin suka sa wa jirginsa wuta. A ciki akwai bayi wajen 80, an ɗaure su bibbiyu da sarƙa. Waɗansu suka ƙone, waɗansu suka faɗa ruwa suka halaka.

Hausawa na cewa rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Fataken Ingila sun kai kuka, gwamnatinsu ta aiko da jiragen yaƙi. Ranar 10 ga Fabrairu 1722 ɗaya daga cikinsu ya cim ma Robats a Kap Lopez, cikin Gabon ta yau. Mutanensa da yawa sun bugu da giya. Aka buga igwa, ta same shi a wuya, ya mutu. Mutanensa suka jefa gawarsa cikin teku, kamar yadda ya yi masu wasiyya.

Aka kai waɗanda aka kama Kep Kos, a Gana, aka yi masu shari'a. Aka rataye mutum 52, aka saki waɗansu. Cikin kamammun akwai baƙar fata fiye da 60. Su ba a tambaye su kome ba, sayar da su aka yi. Daga nan fashin teku ya yi sauƙi a wannan gaɓa, jiragen bayi kuwa suka ci gaba da zirga-zirga fiye da shekara 100.

Ma'anar kalmomi
Gaɓa: bakin teku ko na kogi.
Ganima: dukiyar da aka ƙwace wajen yaƙi ko fashi.
Igwa: babbar bindiga mai harba dunƙulen ƙarfe.

Tambayoyi
1. Mi ke tafiyar da jiragen wancan zamani?
2. Don mi ma'aikatan jirage ke shiga fashi?
3. Faɗi dokoki 3 na mutanen Robats.
4. Mi ya faru a Wida a 1722?
5. Nemo Benin, Gana da Gabon a taswira.
6. Ku tattauna: jiragen yaƙin Ingila, wa suka zo su kare?