Darasi: Yaron da ba ya amsa kira

Akwai yaron da in an kira sunanshi ba ya waiwayowa. Ba ya son haɗa ido da mutane. Ƙannenshi na magana, shi bai fara ba. Lokotoro na kiran wannan otizim. Alamunshi na bayyana tun yaro bai cika shekara 3 ba. Wani yaron kuma ba ya iya zama wuri guda, in an aike shi sai ya mance. Yaro guda na iya samun duka biyun.

Ba iskoki ba ne, ba laifin uwa ba ne. Haka ƙwaƙwalwarshi take aiki. Bugu da ɗauri ba su gyara shi, tsoro suke ƙara mishi.

Ga abin da uwaye za su yi:

1. A kai shi likita, a fara duba kunnenshi.
2. A yi mishi magana gajera, aike ɗaya-ɗaya.
3. Ci da kwana su zamo lokaci guda kullum.
4. A rufe rijiya, a tsare shi daga wuta.
5. In ya yi daidai, a yaba mishi nan take.

Sannu-sannu yake koyo, amma yana koyo.