Fasali cikin tsaron zuciya idan hunturu ya shigo

Da sunan Allah nake farawa, tsira da aminci su tabbata ga Shugaban halitta. Bayan haka, ya ku 'yan'uwana muridai na Kankia da Kusada, ku sani zuciya tana juyawa kamar yadda shekara take juyawa. Ma'abota tafarki suna kiran wannan ƙabdu da basdu, watau ƙunci da yalwa.

Ni na gani ga kaina. Idan kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, samari sun tafi cin rani, hazo ya rufe rana, sai nauyi ya sauko mini. Tashin asuba ya yi wuya, ruwan alwala kamar wuƙa, har Shaiɗan ya raya mini wai an kore ni daga ƙofa.

Da na kai kuka ga muƙaddamina, ya ce ba kora ba ce. Ya umurce ni kada in bar lazimi, istigfari 100, salati 100, hailala 100, ko da ban ji ɗanɗano ba. Ya ce in ɗuma ruwa, babu laifi. Wanda ciwo ya kai shi ga taimama, kada ya karanta Jauharatul Kamali, ya musanya ta da Salatul Fatihi 20. Kuma ya hana ni halwa cikin wannan hali, ya ce in zauna wazifa tare da jama'a, in fita in sha hantsi.

Amma wanda ƙuncinsa ya haura mako 2, barci da abinci suka gagare shi, ko ya ji rayuwa ta ishe shi, wannan cuta ce, kada ku ce masa raunin imani. Ku kai shi babban asibitin Kankia, kada ku bar shi shi kaɗai, ku raka shi da addu'a. Tammat.