Dattijuwa a Jirgin Ƙasan Ingila

Iyayenmu mata da yawa suna zuwa Ingila, wasu don jegon 'ya'yansu, wasu don ganin likita. Akasarinsu sukan yi wata biyu ko uku a ɗaki suna leƙen titi ta taga, domin masu gida sun tafi aiki, babu mai raka su. Wannan asara ce. Mace mai shekara sittin ko saba'in, muddin ƙafarta na ɗaukarta, tana iya shiga jirgin ƙasa ita kaɗai, ta je ta ga gari, ta komo ran nan. A wannan darasi za mu ɗauki tafiya guda, daga Landan zuwa birnin York, don a ga yadda ake yi.

York tana arewa da Landan da nisan kimanin kilomita 300, jirgi kuwa yakan kai cikin sa'a biyu daga tashar King's Cross. Tsohon birni ne mai ganuwa da ƙofofi, Rumawa suka kafa shi a shekara ta 71. A bayan tasha akwai gidan tarihin jiragen ƙasa, wanda aka buɗe a 1975, shigarsa kyauta ce.

Hajiya, shirin yana somawa tun daga gida. Tikiti mai araha, wanda ake saye tun da kwanaki, na jirgi ɗaya ne tak, mai tashi a sa'ar da aka rubuta. In kika makara ya wuce, sai kin sake biya. Wanda ya cika shekara 60 yana iya sayen katin dattawa mai suna Senior Railcard, a rage masa kashi ɗaya cikin uku na kuɗin tikiti, baƙo ma ana sayar masa. Akwai kuma taimakon da ake kira Passenger Assist: a sanar da su aƙalla sa'a biyu kafin tafiya, ma'aikaci zai tarye ki, ya kai ki har cikin tarago. Ba a biyan ko kwabo. Kada kunya ta hana ki nema, don irinki aka tanade shi.

Mutane sukan ɗauka ɓarawo shi ne babban abin tsoro. Akwai shi kam, amma abin da ya fi cutar dattijai shi ne gaggawa. Ba a nuna dakalin da jirgi zai tashi a kan allo sai lokaci ya kusa, sa'an nan jama'a su ɗunguma gaba ɗaya. Ki bar su su wuce, ki bi a hankali, amma kada ki tsaya hira, domin ana rufe ƙofofi tun kafin lokacin tashi ya cika. Tsakanin dakali da jirgi akwai rata, a wasu tashoshi har ƙafa tana iya zurmawa. Ki tattare zani da gyale da hannu ɗaya, ki kama ƙarfen ƙofa da ɗayan. Takalmi ya zama mai rufi, marar santsi. Silifa ba na wannan tafiya ba ne. In kin ga matakala mai tafiya da kanta, ki nemi lif.

Game da ɓarayi, dabarar ba ta da yawa. Ƙaramar jaka a rataye ta gaba, ƙarƙashin mayafi, kuma ki shiga da ita ko makewayi za ki. Kada ki ajiye waya a kan tebur ki yi gyangyaɗi. Fasfo ya zauna a gida, ki riƙe kwafinsa, da takarda mai adireshin masaukinki da sunan magungunanki. Wanda ba ki sani ba, kada ki riƙe masa kaya, ko da ya gaishe ki da Hausa. In wani ya dame ki, ki tashi ki koma taragon da ke da mutane, ki gaya wa kwandasta. 'Yan sandan jiragen ƙasa suna karɓar saƙon waya a lamba 61016. In abu ya yi tsanani, 999.

Da kin fita tasha sai ki tuna motoci a can hannun hagu suke bi, kamar yadda muke yi a Nijeriya kafin 1972. Dama za ki fara duba kafin ki ƙetare. Ki kuma lura da rana: a watan Disamba takan faɗi kafin ƙarfe huɗu na yamma, azahar da la'asar da magariba su zo kusa da juna, alhali a Yuni har ƙarfe tara da haske. Saboda haka da hunturu a ɗauki jirgin safe, a yanki tikitin komowa na wuri.

Wajen tafiya kada barci ya ɗauke ki, gama jirage da yawa York zango ce gare su, suna zarcewa har Edinbara. Ki sa waya ta tashe ki minti goma kafin isowa. Wajen komowa kuwa King's Cross ce ƙarshen hanya, kina iya rintsawa, jakarki a kan cinya.