Kan Sarki Mai Kuskure: Na Gaske Ne Ko Jabu?

Tara kan sarki shi ne abin da nake sha'awa tun ina aji ɗaya, kuma ina so in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai wani abin mamaki game da shi. Kuskure yakan zubar da darajar kaya, amma kan sarkin da aka yi kuskure wajen buga shi tsada yake ƙarawa, domin ba shi da yawa.

Ga misali. A shekarar 1918 aka buga wani kan sarki na anini 24 na kuɗin Amurka, mai hoton jirgin sama. Sau biyu ake sa takardar a inji, domin launi biyu ne, ja da shuɗi. Sai aka juya wata takardar, jirgin ya fito a kife. Guda 100 kaɗai aka samu, kuma a 2023 an sayar da ɗaya a kan dala miliyan 2.

Akwai kuma ƙarin bugu, watau rubutun da hukuma ke ɗorawa a bisa tsohon kan sarki don a sake sunan ƙasa ko farashi. A 1921 Faransawa suka buga "TERRITOIRE DU NIGER" a bisa kan sarki mai hoton mahayin raƙumi. A 1960 kuma aka buga "CAMEROONS U.K.T.T." a bisa na Nijeriya. Irin wannan rubutu yakan fito a kife, ko sau biyu, ko da harafi ɗaya a ɓace.

To, a nan 'yan damfara suke cin kasuwarsu, domin ɗora rubutu ba wuya. Saboda haka abu uku nake dubawa. Na farko, nakan jera shi da ɗan'uwansa lafiyayye, in gwada tsawon haruffa da madubin ƙara girma. Na biyu, nakan duba hatimin gidan waya. Idan rubutun ne ya hau kan hatimin, to, bayan an yi amfani da shi aka ɗora, jabu ne. Na uku, launi. Wanda rana ta koɗar yakan bar alama, kuma wannan lalacewa ce, ba kuskuren inji ba.

Don haka, 'yan'uwa, kada ɗoki ya sa ku ba da kuɗinku kafin ku bincika. Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne.