Hoton Nunin Ɗinki a Ɗakin Taro: Yadda Mai Koyo Zai Sarrafa Filasha

Nunin ɗinki a cikin ɗakin taro yana daga cikin ayyukan da suka fi wahalar da mai koyon hoto, domin hasken ɗaki ba ya isa, mai sanye da kayan tana tafiya, kowane yadi kuma da halinsa. A Potiskum wannan aiki ya fi zuwa a bikin yaye masu koyon ɗinki, da ranar al'adu a makarantu inda ake fitowa da shigar Ngizim da Bolewa da Karekare, da liyafar aure inda ƙawayen amarya ke shigowa a jere cikin anko. Irin wannan taro bai kai makon nunin tufafi na Legas da aka fara a 2011 ba, amma buƙatar ɗaya ce: telan da ya kwana a kan keke yana so a ga aikinsa yadda yake, da launinsa da zanensa. Hoton da ya fito da fuska ya ɓata yadi bai biya buƙata ba.

Kuskuren farko shi ne a saita filasha kai tsaye ga mutum, a bar wa kyamara duk hukunci. Sai fuska ta yi ƙyalli, baya ya yi duhu ƙirin, inuwa mai kauri ta manne a bango, kamar wanda aka haska da tocila a tsakar dare. Dalili biyu ne ke jawo haka. Kan filasha ƙarami ne, kuma yana daf da idon kyamara, don haka haskensa ba ya barin lallausar inuwar da ke nuna lanƙwasar yadi. Sannan haske yana raguwa da sauri: idan nisa ya ninku, abin da ke isa kashi ɗaya ne cikin huɗu. Hasken da ya yi daidai a mita 2 ya zama rubu'i a mita 4, a mita 8 kuwa kashi ɗaya cikin 16. Shi ya sa na gaba ke ƙonewa, na baya su ɓace.

Maganin shi ne filasha ta zama ƙari a kan hasken ɗaki, kada ta danne shi. Mai koyo zai mai da kyamara kan saitin hannu, ya fara gwaji filasha a kashe. Ma'aunin farawa mai kyau shi ne ISO 800 zuwa 1600, ƙofar haske f/4, saurin ƙiftawa tsakanin 1/125 da 1/200. Zai yi ta gyara har ɗakin ya fito da ɗan duhu, amma ana gane kujeru da jama'a. Daga nan ne zai kunna filasha a ƙarfin 1/8, ya ƙara ko ya rage gwargwadon yadda yadi ya fito. Saurin ƙiftawa shi ke hukunta hasken baya, ƙarfin filasha kuma shi ke hukunta na gaba. Yawancin kyamarori ba sa jituwa da filasha idan an wuce 1/200 ko 1/250, sai baƙin layi ya yanke gefen hoto. Akwai kuma matsalar wuta. Lantarkin Najeriya yana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu ƙwayayen fitila masu araha kuma suna kyaftawa tare da shi, musamman a kan janareto. Idan ratsi-ratsi suka bayyana a hoto, saukowa zuwa 1/100 yakan kawar da su, walƙiyar filasha kuma za ta taimaka wajen tsayar da motsi.

Mataki na biyu shi ne tausasa hasken. Idan silin ɗakin fari ne kuma bai wuce mita 3 ko 4 ba, sai a ɗaga kan filasha sama, haske ya bugi silin ya sauko a baje. Ana ɗaura farin kati a bayan kan da roba, domin ya turo kaɗan zuwa idanu, kada ƙarƙashin gira da ɗaurin kallabi su yi duhu. Wannan hanya tana cin haske sosai, don haka ana ƙara ƙarfi zuwa 1/4 ko 1/2. Amma sai an ɗaga kai an duba tukuna. Silin roba mai launin itace yana rina farar shadda ta koma ruwan ƙasa, fankar sama tana jefa inuwar fikafikanta, rufin kwano mai tsayi kuwa yana haɗiye hasken ne kawai. A irin wannan ɗaki gara a cire filasha daga kan kyamara, a kafa ta a sanda da farar lema, sama da kai kaɗan, a gefe guda daga inda masu nuni za su tsaya.

A kan yadi ne gwaninta ke bayyana. Shaddar da ta sha bugu tana mai da haske inda ya fito, kuma zanenta a cikin saƙa yake, launi ɗaya da jikinta. Hasken gaba yana shafe zanen, na gefe ne ke tayar da shi. Haka ma aikin wuya da na aljihun babbar riga: kaurin zaren yana fitowa ne idan kowane ɗinki ya sami 'yar inuwarsa. Leshi mai duwatsu yana walƙiya, yana so a rage ƙarfi. Atamfa ta fi sauƙi, domin ba ta da sheƙi sosai. Saitin TTL, wanda kyamara ke auna filasha da kanta, yana ruɗewa da waɗannan kaya: fari fat yana sa ta rage haske har fuska ta dushe, baƙar abaya kuma tana sa ta ƙara har fuska ta ƙone. Tun da masu nuni wuri guda suke tsayawa, ƙarfin da aka saita da hannu ya fi tabbas. Ya kamata a kunna alamar da ke kyaftawa a inda fari ya ƙone, domin zanen da ya ƙone ba ya dawowa a kwamfuta.

Launi ma amana ne. Hasken filasha yana kusa da na rana, wajen 5500 a ma'aunin Kelvin, na ƙwan fitila mai ruwan ɗorawa kuwa wajen 3000. Idan suka haɗu, gaba yakan yi fari, baya ya yi ja. Ana manna leda ta musamman mai ruwan lemo a kan filasha domin su zo ɗaya. Ɗaukar hoto a tsarin RAW, tare da hoton farar takarda a wurin tsayawa kafin a fara, yana ba da damar daidaita launi daga baya.

Sai wurin tsayawa. Mai hoto zai zauna a ƙarshen hanyar da ake takowa, ya sa alama a ƙasa inda ya gwada haskensa, ya saita kyamara ta riƙa bin mai motsi. Lokacin latsawa shi ne sa'ad da ƙafar gaba ta sauka, kafaɗa ta daidaita. Kowace shiga tana buƙatar hoto uku: tsaye daga kallabi zuwa takalmi, rabi, sannan kusa a kan aikin hannu ko wuya. Latsawa babu ƙaƙƙautawa ɓarna ce, domin filasha a cikakken ƙarfi tana ɗaukar daƙiƙa biyu zuwa uku kafin ta sake cika, kuma a zafin Afrilu da Mayu, lokacin da Potiskum ke haura digiri 40, takan yi zafi ta tsaya. Ƙaramin ƙarfi da batir na caji jeri biyu ko uku su ne kariya. A lokacin hunturu kuma ƙurar da ke yawo a ɗaki tana fitowa ɗigo-ɗigo idan filasha na kan kyamara, wani dalilin ke nan na matsar da ita gefe.

Ladabin aiki yana tafiya tare da fasaha. Ana neman izinin masu taro kafin a kafa kaya, a tambayi waɗanda ba sa so a ɗauke su, musamman a taron mata, inda sau da yawa mace mai hoto ta fi dacewa. Ba a ɗora hoton kowa a Facebook ko TikTok sai da yardarsa. Wajen miƙa aiki, WhatsApp yana matse hoto har zanen yadi ya dushe, sai dai a aika shi a matsayin fayil.

Duk wannan ba a ranar taro ake koyonsa ba. Mai koyo zai iya aro shadda da leshi da atamfa daga wurin tela, ya rataye su a ɗaki da dare, ya ɗauki kowanne da hasken gaba, da na silin, da na gefe, yana rubuta saitin kowane hoto. Ranar taro kuma ya isa da sa'a guda kafin jama'a, ya sa wani ya taka masa hanyar cikin farar riga sannan cikin baƙa, ya tabbatar da ma'auninsa kafin a buɗe ƙofa.