Nazari: Yadda ƙananan jirage masu farfela suka gina kamfanin Embraer

Kamfanin Embraer na ƙasar Barazil, wanda ke cikin manyan masu ƙera jiragen sama a duniya, bai soma da manyan jirage ba. Tushensa shi ne makarantar horar da injiniyoyin jiragen sama ta ITA, wadda aka kafa cikin 1950 a garin São José dos Campos.

Cikin 1968 ne jirgin Bandeirante ya yi tashinsa na farko, kuma a 1969 gwamnati ta kafa kamfanin domin ƙera shi, a ƙarƙashin jagorancin Ozires Silva, wani hafsan mayaƙan sama. Injin irin wannan jirgi dangin na jet ne, amma farfela yake juyawa, saboda haka bai cika shan mai ba a gajeren zango, yana kuma iya sauka a ƙaramin fili. Rundunar mayaƙan saman ƙasar ce ta fara saye, abin da ya ba kamfanin damar tsayawa da ƙafafunsa kafin ya shiga kasuwar Amurka. An ƙera kimanin 500.

A 1980 aka fito da Tucano, jirgin koyar da matuƙan soja, wanda ke rage kuɗin horo idan aka kwatanta da jet. Masar ta yi odarsa cikin 1983, Ingila kuma ta zaɓe shi a 1985, inda kamfanin Shorts ya ƙera mata 130 a Belfast. Jirgin fasinja mai suna Brasilia, mai kujeru 30, ya tashi a 1983.

Sai dai jirgin CBA 123, na haɗin gwiwa da Ajantina, wanda ya tashi a 1990, ya yi tsadar da ta hana shi samun masu saye. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, har aka sayar da shi ga 'yan kasuwa cikin Disambar 1994. Jet mai kujeru 50, ERJ 145, shi ne ya farfaɗo da shi.

Nijeriya ma ta karɓi Super Tucano 12 cikin 2021, waɗanda aka harhaɗa a Amurka.

Darasin da ke nan ga ƙasashe masu tasowa shi ne, horar da ma'aikata ke zuwa kafin gina masana'anta, kuma gwaninta ba ta ceton hajar da mai saye ba zai iya biya ba.