Amsoshin Tambayoyinku: Lemon da Ba Sukari, ko Zuma da Dabino?

TAMBAYA: Maigidana yana fama da ciwon sukari shekara huɗu ke nan, kuma mutum ne da abinci ba ya shigar masa sai da lemo mai sanyi a gefe. Da likita ya hana shi, sai ya koma shan wanda aka rubuta wa Zero a jikin roba, kullum ɗaya, ranar zafi biyu. To, kwanan baya aka turo mini saƙo a WhatsApp wai Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan lemo yana kawo ciwon daji. Hankalina ya tashi, na kwashe na zubar, na koma haɗa masa zoɓo da zuma, da kunun aya da dabino, tunda su na Allah ne, ba haɗin kamfani ba. Sai kuma na ga sukarinsa yana ta hawa. Don Allah a warware mini.
Daga wata uwargida, Zariya.

AMSA: Hajiya, Allah ya ba maigida lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri bisa wannan ɗawainiya.

Zan fara da abin da ba ya jira: ki dakatar da zumar nan da dabinon a cikin abin shansa tun daga yau, har sai kun koma wurin likitansa. Babu mai musun falalar zuma da dabino, amma kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, busasshen dabino kuwa wajen kashi biyu bisa uku. Idan suka isa hanji, jiki ba ya tambayar ko daga amya suka fito ko daga kamfani. Jini kawai zai ɗauka. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idar da ta fitar a 2015, ta sa zuma da ruwan 'ya'yan itace cikin lissafin sukarin da ta ce babba ya tsaya ƙasa da giram 50 a rana, wato cokalin shayi 12, in da hali ma ya sauko zuwa 6. Wannan fa ga mai lafiya ke nan. Kofin kunun aya da aka niƙa da dabino cikin hannu yana iya cinye wannan kaso gaba ɗaya. Da kyakkyawar niyya kika yi, amma gudun gara aka yi aka faɗa gidan zago.

Saƙon da aka turo miki yana da tushe, sai dai an yanke masa rabi. A watan Yulin 2023, cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta sanya sinadarin asfatem, wanda shi ne ke zaƙaƙa yawancin irin wannan lemo, a rukunin 2B, ma'ana "mai yiwuwa ne yana iya jawo ciwon daji". Waɗannan rukunai ba girman haɗari suke aunawa ba. Ƙarfin hujja suke aunawa. A rukuni na 1, inda hujja ta tabbata, nan taba da giya suke. A 2A, inda ake da zato mai ƙarfi, akwai jan nama, irin wanda muke ci a tsire da balangu. Asfatem yana ƙasa da su duka, a inda masana ke cewa sun ga ɗan hayaƙi amma ba su ga wuta ba. Hayaƙin kuwa wasu 'yan bincike ne da suka nuna alaƙa da ciwon dajin hanta, kuma cibiyar da kanta ta ce hujjar taƙaitacciya ce.

Rabin da aka yanke shi ne: a rana guda da waccan sanarwa, wani kwamitin masana na haɗin gwiwar Hukumar Lafiya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce bai ga dalilin sauya ma'aunin da ake amfani da shi ba, wato miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana. Mai kilo 70 sai ya sha gwangwani 9 zuwa 14 kullum kafin ya tsallake wannan iyaka. Robar da maigida ke sha ko kusa ba ta kai nan ba.

Irin wannan tsoro ba yau ya fara ba. Sakarin, wanda aka gano a Amurka tun 1879, an taɓa liƙa masa gargaɗi saboda ya jawo ciwon dajin mafitsara a jikin ɓeraye. Daga baya aka gane yadda abin ke faruwa a ɓera ba haka yake a mutum ba, aka cire shi daga jerin abubuwan zargi a shekarar 2000. Shi ma asfatem, tun da aka gano shi a 1965 ake ta binciken sa, kuma wanda aka tabbatar dole ya guje shi kwata-kwata shi ne mai wata cutar gado da ba a cika samu ba, wadda jikinsa ba ya iya sarrafa sinadarin fenilalanin. Don irinsa ne ake rubuta wannan kalma a jikin kwalba.

Amma kada ki ɗauka ina wanke lemon nan ne tas. A watan Mayun 2023 dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci jama'a da kada su dogara da waɗannan sinadarai don rage ƙiba, domin ba a ga suna rage ta ba idan tafiya ta yi nisa. Ta kuma ce shawarar ba ta shafi wanda ya riga ya kamu da ciwon sukari ba, kamar maigida. Wani babban bincike a Faransa, da ya bi diddigin mutum sama da 100,000, ya samu a 2022 cewa masu yawan shan sinadaran sun ɗan fi sauran kamuwa da ciwon zuciya da na jijiyoyin jini. Sai dai irin wannan bincike yana da tarko, kuma gidanki ma misali ne: ba lemon Zero ne ya sa wa maigida ciwon sukari ba, ciwon ne ya kai shi ga lemon. Wanda ya zo daga baya ya tarar da su tare zai iya ɗora laifi a inda ba nan ba. Wanda ya fi jan hankalina shi ne gwajin da aka yi a Cibiyar Weizmann ta Isra'ila a 2022 kan mutum 120, inda aka ga sakarin da sukuralos sun sauya ƙwayoyin halittar da ke cikin hanji, kuma a jikin wasu sun taɓa yadda jini ke karɓar sukari. Gwajin na makonni ne kawai, amma ya isa ya hana mu ce wa abin nan ruwa.

Akwai kuma illa biyu da ba a gardama a kansu. Tsamin da ke cikin lemon kwalba yana zaizaye haƙori ko da babu sukari, kuma mai launin baƙi galibi yana da kafin, wanda ke hana barci in aka sha da dare.

Ga gargaɗin da nake roƙon ki sanar da kowa a gidan, har yara. Idan maigida yana allurar insulin ko shan ƙwayar da ke saukar da sukari, wata rana sukarin na iya faɗuwa ƙasa: jiki na rawa, gumi na zuba, yana jin jiri ko magana na sarƙewa. A wannan hali lemon Zero ba zai tsinana masa komai ba. Lemo mai sukari na gaske, ko ƙwayar sukari uku zuwa huɗu, ko cokalin zuma, su ake ba shi nan take matuƙar yana iya haɗiya. In ya suma kada a ɗura masa komai, a garzaya asibiti. Ki ajiye zumarki don wannan ranar.

Batun "na Allah" da "haɗin kamfani" kuwa, ma'auni ne da ke yaudara. Akwai zaƙi daga tsiro da ba ya ɗaga sukari: sinadarin da ake tacewa daga ganyen sitibiya, wanda asalinsa ƙasar Faraguwai ce, ya fi sukari zaƙi sau 200 zuwa 300. A nan kudancin Nijeriya ma, tsiron da ake naɗe alale da ganyensa yana da 'ya'ya masu wani sinadari da ya ninka sukari sau dubbai, har kamfanonin Turai ke sarrafa shi. Amma garin sitibiya na kanti sau da yawa gauraye yake da wasu abubuwa, ciki har da eritiritol, wanda wani bincike na 2023 a Amurka ya alaƙanta yawansa a jini da daskarewar jini. Ki riƙa karanta bayan leda. Haka zoɓo da kunun da ake sayarwa a hanya: wasu masu sana'ar kan zuba sakarin don sukari ya yi tsada, wasu su haɗa duka biyun, kuma babu mai aunawa. Na gida ya fi, don kin san abin da kika zuba.

In nawa ne, ga yadda zan yi. Ba zan yi faɗa da shi a kan roba ɗaya ba, domin mutumin da aka matsa wa yakan sha mai sukari a waje, wanda robar santilita 50 ke ɗauke da sukarin da ya kai na yini guda. Zan bar masa Zero ɗin, in mayar da shi na kwana biyu-biyu, sannan na ranar Juma'a ko na taron biki. A gurbinsa sai tulun ruwan sanyi da yankakken lemon tsami ko kokwamba, da zoɓo da aka dafa da citta da kanumfari ba tare da ko ɗigon zaƙi ba. Makon farko zai ce ba daɗi. Harshe yana sabo, kuma bayan 'yan makonni yawanci mutum da kansa yake cewa lemon da ya saba ya yi masa zaƙi da yawa. Idan yana shan maganin hawan jini, a gaya wa likita yana shan zoɓo, domin shi ma yana ɗan saukar da jini.

Ki sami ɗan littafi ki riƙa rubuta awon sukarinsa na safe kafin ya karya da na awa biyu bayan cin abinci, tare da abin da ya ci ya sha. Ku tafi da shi asibiti cikin makon nan, ku faɗa wa likita kwana nawa ya yi yana shan zuma da dabino, don kada a ƙara masa magani a kan hawan da abin sha ne ya kawo shi. In azumi ya matso, ku tambaye shi ƙwayar dabino nawa zai iya buɗe baki da ita.